Yadda Jibo Ya Saka Surukansa Cikin Na'ura

A Dogon Dutsi, in ka ce Jibo, za a tambaye ka wanne. In ka ce Jibo Anjeniyar, sai a yi murmushi a nuna maka hanyar tasha. Ba wanda ya ba shi wannan laƙabi. Shi ya ɗauko abinsa daga Yamai, inda ya ce ya koyi gyaran kwamfuta, ko da yake har yau ba mu ga takardar ba. Ni teburina na sayar da katin waya yana kallon wurin aikinsu, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani. Wanda ban gani ba kuwa Jibo ne ya ba ni da kansa, don bakinsa ba ya riƙe komai.

Jibo yana auren Husna, 'yar Alhaji Abdulwahabu mai fataucin wake. Da Alhaji ya buɗe siber, ɗakin da mutane ke shiga su yi aikin intanet su buga takardu, sai ya duba ya ga surukinsa zaune ba abin da yake yi sai goge farin takalmi. Ya kira shi, ya miƙa masa makulli.

"Gwaji ne," in ji Alhaji. "In anka gama rajistar konkur, jarrabawar ɗaukar malamai, lahiya lau, wurin ga naka ne. In ko anka samu matsala, Ɗan Kassari za ka, ka riƙa yi mini awon wake."

Jibo ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar Ɗan Kassari, wato rana da buhuna da amalanken jaki. Ya rantse a zuciyarsa cewa makullin nan ba zai bar aljihunsa ba sai da mutuwa.

Wanda ya haɗa kayan siber ɗin wani masani ne daga Yamai, Luƙman. Kafin ya koma, ya ja Jibo kusurwar da babbar na'ura take, ya nuna masa bayanta. Ƙofofi biyu ne ƙanana, kowace da wayarta. Ɗaya ta haura rufi wurin eriya, ita ke kawo intanet daga waje. Ɗaya ta bi bango tana rarraba wa ƙananan kwamfutocin da mutane ke zama a gabansu. Ya buɗe baƙin allo ya nuna masa sunayen da na'ura ta san su da su: ta waje enp2s0, ta ciki enp3s0.

"Duk ƙa'idodin da na rubuta ma na'urar ga, da sunayen ga take gane su," in ji Luƙman. "Ka taɓa komi, amma kar ka taɓa su."

"Haba, kamar kana magana da sabon shiga," in ji Jibo.

Motar Luƙman ba ta kai Dosso ba Jibo ya fara ƙorafi. Wai wannan ma suna ne? Ko maganin tari ya fi shi daɗin faɗi. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, sai ga shi ya shigo gida da rana fuska na ƙyalli, ya tarar da Husna tana kwashe tuwo.

"Husna, na samo dabarar da za ta sa Baba ya bar mini makullin ga har abada. Suna za ni raɗa ma ƙohohin na'ura. Ta waje ita ka hita ta nemo ta kawo gida. Wa ka yin haka? Baba. Ta ciki ita ka rabawa kowa ya samu. Wa ka yin haka? Inna. Ranar da anka gama konkur sai in kira su in buɗe ekran, allon na'urar, su ga duk saƙon da ka barin Dogon Dutsi zuwa duniya sai ya bi ta sunansu."

Husna ta ajiye mara ta dube shi. Ta san mijinta. Mutumin da ko a kasuwa ya gamu da wani Abdulwahabu sai dai ya ce masa mai sunan Baba, yana sunkuyar da kai.

"To da wane baki za ka hwaɗi sunan Baba?"

"Wa ya ce hwaɗi za ni yi? Rubutawa ce. Kunya ga baki take, yatsa ba ruwanshi."

"Luƙman ya ce kar a taɓa."

"Luƙman karatu gare shi. Ni basira gare ni."

"Allah ya sa basirar ta san hanyar Ɗan Kassari," in ji Husna, ta tura masa kwano.

Washegari ya zauna gaban babbar na'ura, ya jingina wayarsa da kofin shayi yana bin wani bidiyo na koyarwa. A bayansa Altine ne tsaye da tef a wuya. Altine tela ne, shagonsa na manne da siber, kuma taubashin Jibo ne, don haka Allah ya ba shi lasisin tsokanarsa safe da yamma.

Jibo ya fara da ƙofar ciki. Ya rubuta sunan surukarsa, HajiyaSahura, na'ura ta karɓa ba musu. Ya juyo ya kalli Altine kamar wanda ya ci kokawa. Ya koma ƙofar waje ya rubuta Alhaji Abdulwahabu. Na'ura ta watso masa jan rubutu. Ya haɗe kalmomin biyu ya sake turawa. Ta sake ƙi, ta ce sunan ya yi tsawo.

"Ta ce mi?" in ji Altine.

"Wai ya yi mata yawa."

"To ka bari mana."

Jibo ba ya bari. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sa yatsa ya goge Alhaji, ya bar Abdulwahabu tsirara. Na'ura ta karɓa.

Altine ya dafe ƙirji. "Jibo! Ka cire ma mutum Makka guda?"

"Na ɗan lokaci ne. Na'urar ba ta je hajji ba, ba ta san darajar abin ba. In na samu hili ina lallashinta."

"Ita Hajiya ko an bar mata nata?"

"Nata ya shiga, mi kake so in yi? Kai dai ka riƙe bakinka."

Abin da bidiyon ya faɗa a ƙarshe, Jibo bai tsaya ya ji ba, shi ne sabon suna ba ya kamawa sai an kashe na'ura an sake kunna ta. Saboda haka komai ya ci gaba da tafiya daidai, Jibo kuwa ya ɗauka hannunsa ne mai albarka. Ya bi layinmu kaf yana shelar cewa ya yi wa na'ura wani aiki da ko a Yamai mutum uku ne suka iya shi, biyu sun tafi Faransa. Ni kaina ya ce mini in lura, tun daga ranar intanet ya ƙara gudu. Na ce na lura, don in samu ya matsa daga gaban teburina.

Ranar ƙarshe ta rajistar konkur, tun da safe babura suka cika bakin siber. Samari da 'yan mata daga Tibiri, daga Gesheme, daga ƙauyukan da ban ma san sunansu ba, kowa rungume da dosiyen takardunsa. Jibo ya sa farar riga da farin wando yana zagayawa, yana gyara wa mutane zama, yana kiran kowa kandida, wato mai neman shiga jarrabawa. Hantsi ya yi, aka ɗauke wuta. Wannan ba labari ba ne a garinmu, kowa ya ɗauki takardarsa yana fifita. Can aka dawo da ita, fanka ta juya, kwamfutoci suka farka.

Babbar na'ura ma ta farka, da sababbin sunaye. Ta nemi enp2s0 don ta fita waje, ba ta gan shi ba. Ta nemi enp3s0 don ta raba wa yara, babu. Sai wasu baƙi biyu da ba a taɓa gaya mata abin da za ta yi da su ba. Ta yi zamanta.

"Patron, babu koneksiyon," in ji wani saurayi mai gemu da ɗangalallen wando, Sharif, wanda ya riga ya cika rabin takardarsa.

"Rezo ne na gari duka," in ji Jibo. "An sanar da ni tun jiya."

Mutum goma suka ɗaga wayoyinsu a lokaci guda, kowace cike da rezo, wato sabis ɗin waya.

"Wannan na waya ne. Namu na manya ne, ta sama yake biyowa. Ku ba ni minti guda."

Ya shige bayan na'ura da rarrafe. Ya zare wayar ƙofar waje ya sa a ta ciki, ya zare ta ciki ya sa a ta waje. Shiru. Ya mayar da su, ko kuma ya ce ya mayar. Ya ga wata baƙar waya da bai gane ba, ya fizge ta. Fanka ta tsaya, kuma ta bayan bango muka ji keken ɗinkin Altine ya yi wani kuka ya mutu, don ashe daga nan yake jan wutarsa.

Altine ya shigo riƙe da rigar wani ango, allura maƙale a wuyanta. "Anjeniyar, ni ma ka raɗa mini suna ne?"

"Hita ka ba ni wuri!"

"Ni dai shawara ta kawo ni. Abin ga ba na boko ba ne. A aika garin Lugu a ɗauko mai ganin iskoki."

"A'uzu billahi!" in ji Sharif, ya miƙe. "Ba a kawo muna shirka cikin konkur."

"To kai ka yi mata wa'azi ta tashi."

Kafin a raba su, Jibo ya sulale waje ya jingina tsani. Ya sanar da jama'a cewa iska ce ta karkatar da eriya. Iskar da ko ganyen dogon yaro ba ta motsa ba. Ya hau rufin kwano da farin takalminsa, rana ta riga ta gasa kwanon, ya dinga ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya kamar zakara a kan tanda. Ya rungumi ƙarfen eriya ya murɗa. Allah ya taimaki kandida, Luƙman ya ɗaure ta da ƙusoshin kirki, ko gezau ba ta yi ba. Ya ƙara ƙarfi, ƙafarsa ta zame, ya zauna daɓas, ya taho da gudu a kan kwano har bakin rufi. Wata ƙusa ce ta cece shi. Ta kama farin wandon ta baya, ta tsaga shi tun daga ƙugu har cinya.

Masu babura suka yi tafi. Mai ƙosai ta ce sannu. Altine ya leƙo ya ƙare wa yagar kallo irin na masu sana'a, ya ce ba a ɗinka ta sai an dawo masa da wuta.

Jibo ya sauko ya ɗaura dardumar salla a ƙugu, ya shiga yana cewa ya gano matsalar, saura kaɗan. A daidai nan motar Alhaji ta tsaya. Wani ya riga ya kai labari gida. Alhaji ya fito, Hajiya Sahura na biye da shi, Husna a baya tana kallon ƙasa.

Alhaji ya dubi taron, ya dubi darduma, ya juya wurin Jibo. "Ka kira Luƙman?"

"Baba, ba sai an dame shi ba. Ƙaramin abu ne."

Alhaji ya zaro 'yar wayarsa mai tocila, ya latsa, ya buɗe murya yadda kowa zai ji, ya riƙe ta a gaban bakin surukinsa.

"Jibo, buɗe baƙin ekran," in ji muryar Luƙman. Ya faɗa masa abin da zai rubuta, Jibo ya rubuta. "Bon. Yanzu karanta mini sunayen ƙohohin da ka gani."

Jibo ya matsa ya rufe allon da bayansa.

"Suna nan lahiya lau, su biyu."

"Na sani su biyu ne. Sunayensu nike so. Akwai enp2s0?"

"Ya... ya ɗan canza."

"Ya canza? Wa ya canza shi? Mi anka sa?"

Jibo ya dubi Alhaji, ya sunkuyar da kai. "Suna ne mai daraja."

"Jibo, mutane na jira. Hwaɗa mini sunan."

"Sunan wani babban mutum ne. Dattijo. Mai taimakon jama'a. Shina da mota."

"Ni ban tambaye ka tarihinshi ba!"

Jibo ya juya wurin matarsa da ido yana roƙo. Husna ta leƙa allon ta gefen hannunsa, ta ga abin da ke ciki, ta ja mayafi ta rufe baki. Ba za ta kira sunan mahaifinta a gabansa ba ko da siber zai ƙone. Hajiya ma ta yi karatunta na boko. Ta ture Jibo gefe kaɗan, ta ƙura ido, ta ja da baya tana salati. Shekara da shekaru ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, ba kuwa yau za ta fara a gaban yaran Gesheme ba.

"Wai mi ke cikin abin ga da kowa ya gani sai ya kama baki?" in ji Alhaji.

Sai dabara ta sake zo wa Jibo, kuma kamar sauran dabarunsa, ita ta ƙarasa shi. "Luƙman, ba ni iya hwaɗi, amma ina ba ka harahi ɗai-ɗai. Rubuta. A. Be. De. U. El."

Ya manta ɗakin cike yake da masu neman aikin koyarwa. Mutanen da aka horar su haɗa baƙaƙe da ƙarfi a gaban aji. Ba wanda ya ba su umarni, bakinsu ne ya tafi da kansa.

"Ab-dul," suka ce a tare.

Jibo ya ci gaba da jero baƙaƙe, su kuma suna biye. "Wa. Ha. Bu. Abdulwahabu!"

Har masu babura a waje sai da suka ji. Alhaji ya waiga kamar an kira shi a filin makaranta. Tun rasuwar mahaifiyarsa ba a taɓa kiran sunansa haka gatsau ba.

"Ni?"

Jibo ya zube a ƙasa, darduma ta kusa kwancewa. "Baba, girmamawa ce. Ƙohwar da ka nemo ma kowa abinci ce na ba ka. Don duniya ta san ka."

Alhaji ya sa tabarau ya sunkuya a kan allon. Ya daɗe yana kallo. "To ina Alhajin?"

"Na'urar ce ta ƙi. Ta ce ya yi tsawo."

"Ta ce ya yi tsawo." Alhaji ya sa yatsa a layi na ƙasa. "Wanga hwa? Mi anka rubuta nan?"

Wannan karon Sharif ne ya karanta shi kaɗai, cikin ladabi. "Hajiya Sahura."

"Da Hajiyarta?"

"Da Hajiyarta, Alhaji." Sharif ya ɗan yi tari. "Kuma da ya taƙaita Alhajin naka kamar yadda ake yi ga takardun meri, ofishin magajin gari, da ya shiga."

Wayyo, ina ma Sharif ya yi shiru. Hajiya ta gyara mayafi, kuma wallahi na ga murmushi a fuskarta. "Yaron ga dai ya san ya kamata," ta ce a hankali.

"Ni na biya miki kujerar!" in ji Alhaji. "Jirgi guda munka shiga!"

Dariyar da aka danne tun safe ta fashe. Altine ya zauna a ƙasa yana share hawaye da rigar ango. Ta cikin waya Luƙman yana ta kiran a saurare shi. Da aka lafa ya ce gyaran mai sauƙi ne: a goge sunayen biyu, a tabbata kowace waya tana ƙofarta, a kashe na'ura a kunna.

"A goge nawa?" in ji Hajiya. "Mi nawa ya yi? Ba shi anka ce ya yi tsawo ba."

"Hajiya, in ba a goge duka ba, ba ta tashi," in ji Luƙman.

Kandida suka shiga roƙonta, wata yarinya daga Tibiri har da hawaye, don rana ta fara karkata. Hajiya ta ja aji iya ja, sannan ta yarda, da sharaɗin a fara goge na Alhaji. Jibo ya miƙa hannu zai taɓa madannai, Alhaji ya buge hannun.

"Kai ka gama. Ɗiyata, zauna."

Husna ta zauna. Luƙman yana faɗa tana latsawa, ta goge mahaifinta, ta goge mahaifiyarta, ta shiga bayan na'ura ta gyara wayoyin da mijinta ya rantse ya mayar daidai, alhali bai mayar ba. Aka kashe aka kunna. Tsofaffin sunaye masu kama da maganin tari suka dawo, intanet ya biyo su. Kowa ya ruga kujerarsa, keken Altine ya tashi ta bayan bango.

Alhaji ya buɗe tafin hannu. Jibo ya laluba ƙarƙashin darduma, ya zaro makulli, ya riƙe shi ɗan lokaci kamar zai yi masa bankwana, ya ajiye. Na tausaya masa a nan, gaskiya, don idonsa ya cika. Alhaji ya miƙa wa Husna makullin.

"Gobe da sahe motar wake na tashi. Ka nemi takalmin da ba hwari ba."

Jibo ya dubi farin takalminsa. Muka ɗauka ya karaya ke nan. Amma ya miƙe, ya gyara ɗaurin dardumarsa, ya ce ai dama ya daɗe yana tunanin yadda za a zamanantar da harkar awo a ƙasar Arewa. Sai idonsa ya fara wannan ƙyallin da Husna ta sani.

"Baba, jakunan ga biyu da ka jan amalanke can, an raɗa musu suna?"

Alhaji ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Ya juyo ya dubi surukinsa tun daga takalmi har hula.

"Ba a raɗa ba. Amma in ka matsa, ina da suna guda da za ni ba babban. Gajere ne. Kowace na'ura tana karɓa tai."